Mai Share Sawu a Kwarin Gawo

A ƙasar Kwari Bakwai dabbobi ba sa zama wuri guda. Shekara ɗaya suke yi a kowane kwari, sannan su tashi su koma na gaba, ba kuma za su sake taka wanda suka bari ba sai ya huta shekara shida. Haka kakanni suka tsara, haka Sarki Korau, tsohon ɓauna mai karyayyen ƙaho, ya tarar, kuma da yake shi ba mai wahalar da kansa da sabon tunani ba ne, haka ya bar abin.

Dokar da ta fi kowace nauyi a wurinsu ita ce, wanda ya ci arzikin ƙasa ba ya bar mata tabo. Ranar tashi masu rami sukan cike ramukansu, masu sheƙa su warware sheƙa, a turbuɗe kashi, a ta da ciyawar da aka kwanta a kai. In ayari ya wuce sai a bar dabba ɗaya a baya tana bin sawu da wutsiya tana sharewa. Wannan aiki gadon gidan yanyawa ne, ƙananan dabbobi masu kama da dila, a zamanin Korau kuwa yana hannun Ladingo, wadda ta karɓa daga uwarta. Kirarinta shi ne, Ladingo, bayanki ko iska sai ta tambayi hanya. Ba ta da yawan magana. A fada can ƙarshe take zama, kusa da Iya Dudu, tsohuwar kunkuru mai riƙe da tarihi, domin su biyun ne kullum suke isowa bayan kowa.

A cikin kwarurukan nan bakwai, Kwarin Gawo ne kaɗai ke da idon ruwan da ba ya ƙafewa. Shekara ta bakwai a ƙasar kullum fari take zuwa da shi, shi ya sa kakanni suka ajiye mata Gawo. A kowane kwari dabam, in farin ya kama su, ƙananan 'ya'ya ba za su ga damina ba.

Suna kwari na uku tsuntsaye suka kawo labarin cewa wasu manyan gumagumai sun tsaya a bakin teku ta wajen Gawo, wasu halittu masu farin gashi sun fito daga ciki, ramammu, suna tangaɗi. Tumaki ne. Korau ya ji tausayinsu, ya aika gwanki biyu su nuna musu idon ruwa da ciyawar da ba ta kisa. Da wata barewa ta tambaya ko ba a karya hutun kwarin ba, sai ya ce baƙo raɓa ne, hantsi ya yi zai tashi.

Gwankayen suka dawo da godiyar baƙi, suka kuma dawo da tari. Kafin damina biyu tarin ya zagaye garke. Bareyi suka zube kamar ganyen kaka, zomaye suka mutu cikin ramukansu ba mai cikewa. A gidan yanyawa Ladingo kaɗai ta rage. Tumakin ma suna yin tarin, amma su ba ya kashe su, kuma daga baya aka ji sun ce wannan alama ce ta wanda sama take so.

Da shekara ta bakwai ta zo da farinta, ayarin da ya rage ya iso bakin Gawo ya tarar da shingen ƙaya daga wannan tudu zuwa wancan. Bayan shingen akwai karnuka, waɗanda ba wanda ya ga saukarsu daga gumaguman. Tumaki sun yi yawa har ido ba ya iya ƙirga su, rabin kwarin kuwa sun cinye shi har saiwa. Korau ya nemi a zauna. Aka buɗe musu ƙofa, aka taru a gindin babban gawon da kwarin ya ci sunansa.

Shugaban baƙin wani rago ne mai ƙararrawa a wuya da tsaga a kunnen dama. Duk tumakin suna da wannan tsaga, shaidar cewa su dukiyar wani Mai Garke ne da ke hayin teku, wanda ko su ba su taɓa ganinsa ba. Tafintansa Cindo ne, hankaka ɗan ƙasar, wanda ya koma wajen baƙi tun shekarar tari.

Iya Dudu ta ɗaga kai ta dube shi. "Cindo, ka yi ƙiba. Gawar wa ka karya da ita yau?"

"Iya, ai ke ce nake ta jira, kin ƙi," in ji Cindo. Ba wanda ya yi dariya sai shi.

Korau ya ba Iya Dudu izini ta fara, kamar yadda aka saba. Ta ba da tarihin yadda kakanni suka taso daga arewa mai nisa a zamanin da teku ta ja baya ta bar siririyar hanya, suka bi ciyawa kudu, teku ta rufe a bayansu. Ta lissafa gawo arba'in da suka tsiro suka tsufa suka faɗi a wannan gindi, ɗaya bayan ɗaya, tun daga ranar. Rago ya saurara da ladabi har ta gama, ya ce labari ne mai daɗi, kuma ya ji daɗin sanin cewa su ma baƙi ne. Bambancin kawai, wasu sun zo da ƙafa, wasu ta ruwa.

A nan ne Korau ya miƙe, yana ganin ya riƙe hujjar da ba mai iya ture ta.

"Ya kai shugaban baƙi, ina tambayarka a gaban jama'arka da tawa. Ranar da kuka sauka a kwarin nan, kun ga sawu ko ɗaya? Kun ga rami, ko kashi, ko karyayyen reshe?"

Rago ya ce ba su gani ba.

"To wannan aikinmu ne. Dubbai muka kwana a nan shekara guda, muka tashi kamar ba a taɓa zuwa ba. Wa zai yi wa ƙasa haka in ba ɗanta ba?"

Ya kira Ladingo gaba, aka yi mata kirari. Jama'a suka buga kofato a ƙasa, karon farko tun shekarar tari da suka ji sun cika wuri. Rago ya jira ƙurar ta kwanta, sannan ya nemi sarki da manyan fada su maimaita, ɗaya bayan ɗaya, cewa babu wata alama tasu a kwarin. Kowa ya maimaita da alfahari, wani gwanki har da rantsuwa.

Sai Rago ya girgiza ƙararrawarsa ya ce, "Ya ku mazauna daji, kun sauƙaƙa mana shari'a, muna godiya. A dokar Mai Garke, abin da ba shi da shaida ba shi da mai shi. Ku dubi kunnena, ni kaina da shaida nake yawo. Mun sami ƙasa ba shaida, muka yi mata, kuma ga shugabanninku sun tabbatar da bakinsu. Amma mu masu adalci ne. In akwai alama ko guda da kuka bari kafin zuwanmu, a nuna mana, mu kuwa za mu girmama ta."

Ladingo tana tsaye inda aka bar ta, tana jin kukan 'ya'yan bareyi daga wajen shinge, inda aka tsare su cikin rana. Tana kuma kallon wani faffaɗan dutse da ke tsakanin saiwoyin gawon, taku goma daga inda Rago yake.

Shekara shida da suka wuce, ana jibi za a tashi daga Gawo, 'yarta ta fari ta mutu, ko yaye ba a yi mata ba. Doka ta ce a kai gawa fili a bar wa ƙasa, a cike rami a daidaita shi. Ladingo ta cike ramin kowa ta duba na kowa. Nata kuwa ta kwantar da 'yar a ciki, ta tura dutse ta rufe bakin, ta jera fararen tsakuwa bakwai a ƙarƙashin gefensa don ta gane wurin in an dawo. Ko mijinta bai sani ba har tari ya ɗauke shi. Ta san hukuncin mai shara da ya bar tabo: a cire sunansa daga bakin jama'a, ba mai sake kiransa, ba mai amsa gaisuwarsa.

Iya Dudu ta lura da inda idonta yake. Ta ce da ita a hankali, "'Yar nan, in abin da nake zato ne, ki auna. Waɗannan ba alama suke nema ba."

"Iya, kina jin yaran can?"

Ladingo ta matsa gaba, ta durƙusa a gaban Korau.

"Ranka ya daɗe, akwai alama. Ni na bar ta."

Ta faɗi komai ba tare da ta ɗaga kai ba. Gunaguni ya tashi a cikin jama'a, ba na murna ba. Gwankin da ya yi rantsuwa ya juya mata baya tun kafin ta rufe baki. Korau ya dube ta kamar ita ce ta kafa shingen.

Rago kuwa ya nuna jin daɗi ƙwarai. Ya ce shaida sai an gan ta, ya yi wa karnuka nuni. Suka ture dutsen, tsakuwa bakwai suka watse, suka tona da ƙafafun gaba, suka fito da ƙasusuwa ƙanana kamar tsinken tsintsiya, suka jera su a kan dutsen cikin rana. Ladingo ta yunƙura, wani kare ya sa mata ƙafa a wuya, ba da ƙarfi sosai ba. Rago ya sunkuya ya daɗe yana dubawa, tsofaffin tumaki suka kewaye shi suna shawara.

Da ya ɗago ya ce, "Wannan shaida ce ta gaskiya, mun karɓa. Ta nuna cewa a wani zamani wasu halittu sun zauna a kwarin nan, kuma ga su, sun mutu. Abin tausayi ne. Mu da muka gaje su za mu riƙe su da daraja."

"'Yata ce," in ji Ladingo. "Ni na haife ta. Ga ni da raina."

Cindo ya fassara daidai, abin da bai saba ba. Rago ya tambaya cikin taushin murya ko akwai tsaga a kunnen gawar da ke nuna tata ce. Kunne kuwa ƙasa ta daɗe da cinye shi.

Ta roƙa a ba ta ƙasusuwan ta mayar. Aka ce a hannunsu za su fi adanuwa. Kafin la'asar an yi musu 'yar rumfa kusa da idon ruwa, an fara kawo 'yan raguna layi layi su ga mutanen farko.

Hukunci biyu aka yanke a wannan rana. Na farko Rago ya yanke shi: saboda karamcin da aka yi musu shekarar da suka sauka, Mai Garke ya ba mazauna daji Tudun Falale kyauta, su da jikokinsu har abada, da sharaɗin kada su sauko. Kowa ya san Falale. Dutse ne shimfiɗe da ya fara daga bakin kwarin, faɗinsa yinin tafiya biyu, ruwansa sai abin da sama ta bari a kwarmi. Korau ya dubi karnukan, ya dubi abin da ya rage na mayaƙansa, ya ce sun gode.

Na biyu Korau ya yanke shi, kuma a nan muryarsa ta dawo da ƙarfinta. Ya ce ƙasa ta juya musu baya ne saboda an bar mata tabo, ga kuma wadda ta bari. Aka cire sunanta. Amma da yake tari bai bar wani a gidan yanyawa ba, aka ce ta ci gaba da shara, sai dai ba kirari. Jama'a suka ji sanyi a ransu, domin sun sami mai laifin da suke iya hukuntawa.

Washegari da hantsi ayari ya kama hanyar Falale ba tare da an bar kowa ya sha daga idon ruwan ba. Iyaye suna tura 'ya'yansu da hanci. Iya Dudu ta wuce ta gaban Ladingo a hankali, ba ta kira sunanta ba, tun da an hana, ta ce wa ƙasa kawai, "Ina riƙe da shi."

Ladingo ta tsaya har na ƙarshe ya yi nisa. Ga sawu nan birjik a kan jar ƙasa, na ɓauna da na gwanki da ƙananan na bareyi masu jan ƙafa. Wutsiyarta ta sauka da kanta, kamar yadda ta saba tun tana bin uwarta. Sai ta ɗage ta sama. Ta bi bayan ayarin tana danna kowace ƙafa da ƙarfi, ba ta share ko ɗaya ba, tun daga gindin gawo har bakin tudu.

Da ta hau dutsen ta waiwaya. Sawun yana nan, doguwar hanya ja da ta ratsa kwarin, alama ta farko da jama'arta suka taɓa bari a fili. Ta daɗe tana kallo. Can aka buɗe shinge, domin lokacin kiwo ya yi, tumaki suka kwararo ta kan hanyar, kai a ƙasa, ba gaggawa, ba mugunta. Kafin rana ta take tsaka, babu abin da ya rage sai sawunsu.

Ta juya ta bi jama'arta, wutsiya a ɗage, tana danna ƙafa a kan falalen dutse.