Baban Auta

Ni makiyayi ne, kallo ɗaya nake yi wa saniya in san tana da ciki. To da maiɗakina Hajiya Rabi ta daina ganin al'ada, ga zufa, ga saurin fushi, sai na yanke hukunci ban ko tambaye ta ba. Na sayo rago a kasuwar Dakoro, na raɗa wa maƙwabta cewa suna na tafe.

Da na raka ta likita, ungozoma ta duba ta, ta ce, "Baba, ba ciki ba ne, al'ada ce ta ɗauke saboda shekaru. Akwai ƙwayoyin rage zafin jiki in ya matsa mata. In ba ta so, ta rage shayi da yaji, ta riƙa sa tufafi marasa nauyi."

Na ce, "To, ragon fa?"

Hajiya ta yi dariyar da rabona da ji tun kafin damina. Ta zaɓi ƙwayoyin, ta kuma hana a sayar da ragon. Da hannunta take ba shi dussa, tana kiransa Auta.

Ni kuwa har yau, ko a ƙofar masallaci, Baban Auta ake ce mini.