Hajiya Ido-Mudu da Lamba Casa'in da Biyar

Idan ana lissafa baiwar da Allah ya yi wa ƙasar Gumel, wasu kan fara da riɗi, wasu da kasuwar dabbobi ta Maigatari. Duk sun yi kuskure. Da Hajiya Asama'u ya kamata a fara, mai sayar da rigar mama a bayan tasha, wadda mata suka raɗa wa Ido-Mudu, ita kuma ta karɓi sunan hannu biyu kamar an naɗa mata sarauta. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Hajiya ta duba karin maganar nan ta ga akwai gyara a ciki. Idon wasu ne ba mudu ba. Nata mudu ne, tiya ne, sikeli ne.

Shekara goma sha ɗaya tana sana'ar nan, ba ta taɓa auna mace ko ɗaya ba. Rumfarta taku huɗu ce a tsawo, uku a faɗi, na taka na ƙirga, amma kada ki kuskura ki ce rumfa. Butik ake cewa, irin na mutanen Damagaram, domin duk ranar Alhamis Hajiya na zuwa Maigatari ɗauko kaya, kuma a shekarun nan ta tara Faransanci har kalma uku, tana juya su kamar waina.

A ƙasarmu mace ba ta buɗe baki ta faɗi lambar rigar mamarta, ko da ta sani, balle yawancinmu ba mu sani ba. Mai saye za ta zo ta tsaya, ta sunkuyar da kai, ta ce a ba ta abin nan. Na lefe ya fi muni, don dangin ango ne ke saya wa amaryar da ba su taɓa gani ba sai cikin hijabi har ƙasa. A wannan duhun Hajiya ta kunna fitilarta.

"Lamba daraja ce," haka take koyar da duk wadda ta tsaya, har da wadda inuwa kawai ta zo sha. "Yo ta yaya matar kansila za ta sa lamba ɗaya da mai tuyar awara? Ina tsari a nan? Talatin da biyu zuwa talatin da shida na masu talla ne. Talatin da takwas na malaman makaranta. Arba'in zuwa sama sai wadda ta je Makka, ko mijinta ke da mota. Ni ba jiki nake dubawa ba, madam, jiki kowa na da shi. Asali nake dubawa."

Masha Allah. Ilimi irin wannan ba a aji ake samunsa ba.

Amfanin ilimin kuwa a fili yake. A wani biki a Ɗanzomo mata arba'in da ɗaya ne a tsakar gida. Ashirin da tara daga cikinsu kafaɗa suke ɗagawa suna saukewa, hannu na shiga ƙarƙashin mayafi yana janyo igiya, har makiɗa ya ɗauka sabuwar rawa ce ya sauya kiɗa. Matar kansila, siririya kamar sillen kara, tana cikin lamba arba'in da huɗu, ta kama ta da fil shida, ta cike gurbin da ya rage da hankici biyu. Idan ta juya dama, rigar sai ta yi tunani kafin ta biyo ta. A'i mai awara kuwa, mace mai jiki tubarkalla, Hajiya ta yanke mata talatin da biyu daidai matsayinta. Igiya ta haƙa mata kwari biyu a kafaɗa, ƙarfen ƙasa ya yi mata shati ja kamar an zane ta da tsumagiya, ba ta iya sunkuyawa ta iza wuta sai ta riƙe numfashi. Da ta kai kuka butik, Hajiya ta yi mata nasiha cewa sabon takalmi ma yana cizo, ta ƙara haƙuri. Takalmin nan ya shekara uku yana sabo.

Duk wannan bai taɓa gadon mulkin Hajiya ba, saboda gadon a kan mutum ɗaya yake zaune: Gwaggo Yelwa ta Sule Tankarkar. Ita ke haɗa lefen duk zuriyarsu, zuriyar da a bana kaɗai ke da samari bakwai a layi. Inda Gwaggo Yelwa ta sayi kayan lefe, nan matan ƙananan hukumomi huɗu ke zuwa, kamar tumaki bayan jagora. Shekara goma sha ɗaya akwatinta na bi ta butik. Ranar da akwatin nan ya sauya hanya, butik ya koma rumfa.

Sai ga Mansura. Wata tela ce a Gagarawa Tasha, ba ta je Makka ba, mijinta keke gare shi, dukiyarta keken ɗinki da tef na awo rataye a wuya. Ta fara kawo rigunan mama kaɗan-kaɗan, ta kuma zo da wata bidi'a: sai ta shigar da mace ɗaki, ta saki labule, ta auna ta sau biyu, ƙasan ƙirji da samansa. Sannan ta ce a gwada, a ɗaga hannu sama, a sunkuya, a zura yatsa biyu ƙarƙashin maɗauri. In yatsa biyu sun ƙi shiga, ta matse. In hannu duka ya shige, ta yi yawa. Shi ke nan karatun, minti huɗu.

A'i ce ta fara zuwa. Ta dawo tana tafiya a miƙe kamar soja, tana ba kowa labari ko ba a tambaye ta ba: ciwon bayan da ta sha jiƙo kala biyar a kansa ya tafi bai yi sallama ba. Mata uku suka bi ta. Sati ya zagayo suka zama goma sha ɗaya.

Labari ya kai butik. Hajiya ta miƙe a kan kujerarta ta roba, ta yi jawabi ga mata biyu da akuya ɗaya.

"Tef? Tef na masu auna fili ne da masu yankan likkafani. Mace mai mutunci ba a zagaya ta da igiya kamar buhun gero. Ni Asama'u, da ganin tafiyar mace daga bakin tasha na san lambarta, da ta uwarta, da ta 'yar da za ta haifa."

Akuyar ta gamsu. Gwaggo Yelwa kuwa ta fara tantama, don amaryar lefen bara ta aiko mata da godiya, tare da bayanin cewa cikin riguna goma sha biyu babu wadda ta zauna mata, amma igiyoyinsu sun yi amfani wajen ɗaure bakin buhu. Saboda haka da lefen Ummulkhair ya taso, wata malamar asibiti da za ta auri ɗan ƙanin Gwaggo, sai tsohuwar ta yi abin da ba a saba ba. Ta aika a kawo mata amaryar har gidanta bayan azahar, ta kira Hajiya, ta kira Mansura, ta ce kowa ta zo da kayanta. Wadda ta dace da jikin yarinya, akwati bakwai na bana nata ne.

Mu goma sha bakwai ne a ɗakin, aka rufe ƙofa. Hajiya ta iso a makare, kamar yadda ya dace da manya, cikin leshi mai nauyin buhun siminti, tana haki. Ta zagaya amarya sau biyu. Ba ta dubi yarinyar sosai ba, don ba ta nan ilimin yake ba. Ta tambayi aikin uban, aka ce shugaban makaranta ne mai ritaya. Ta tambayi ango, aka ce yana da mota. Ta tambaya ko motar tana tashi, aka ce wani lokaci. Ta lumshe ido, ta haɗa, ta raba, ta ce arba'in da biyu.

Ummulkhair ta shiga bayan labule ta fito. Gaskiya rigar ta yi kyau, sai dai ba a san inda amaryar take a cikinta ba. Da ta ɗaga hannu, abin ya haura har haɓarta. Wata ta ce da sauran wuri, ko za a sa ƙawar amarya ma. Dariya ta kece, amarya da kanta ta zauna a ƙasa tana share hawaye.

Mansura ta miƙe da tef ɗinta. Ta ja yarinyar bayan labule, ta auna, ta zaro talatin da huɗu. Amarya ta ɗaga hannu, ta sunkuya, ta yi tsalle ɗaya don neman magana. Babu abin da ya motsa daga wurinsa.

Wani zai ce gani ya kori ji. Bai san Hajiya ba. Ta dafe ƙirji ta ce ita ba ta taɓa ganin cin mutunci irin wannan ba: 'yar shugaban makaranta, matar mai mota, a kai ta gidan miji da lambar masu tallan gyaɗa? Idan dangin amarya suka buɗe akwati a gaban jama'a suka ga talatin da huɗu, me za a ce da zuriyar Gwaggo Yelwa? Cewa za a yi sun raina yarinya.

Maganar ta taɓa tsohuwar, don ba abin da take tsoro a duniya kamar a ce ta yi rowa a lefe. Gwaggo ta juya goro a baki, ta dubi Hajiya sama da ƙasa.

"To ke, Asama'u, wace lamba kike sawa?"

Tambayar da Hajiya ta shekara goma sha ɗaya tana jira ke nan. Ta gyara tsayuwa.

"Casa'in da biyar, Gwaggo. Daga Damagaram aka kawo min, ɗinkin Faransa. Ku duba Gumel, ku duba Maigatari, ku haɗa da Gagarawa da nan Sule Tankarkar, babu macen da ta kai ko rabina sai 'yan ƙalilan. Ban faɗa don alfahari ba."

Mansura ta ce a hankali, cikin ladabi, kayan da ke shigowa ta iyaka lissafinsu daban ne da namu, kuma galibi akan rubuta duka biyun a jikin 'yar takardar da ke baya, in Hajiya za ta bari a duba. Wanzami ba ya son jarfa. Hajiya ta ce ba a haifi mai duba mata baya ba. Ta buɗe baki, ta ja numfashi mai zurfi don ta yi jawabin da zai rufe bakin tela har abada.

Numfashin nan ne ya yi yawa. Aka ji ɗas, ɗas, ɗas. Ƙugiya uku suka yi murabus a jere, ɗaya ta sulalo ta ƙasan riga ta faɗa farantin goro.

Abin da ya biyo baya ya fi ban mamaki. Hajiya ba ta yi ihu ba. Ta tsaya cak, ido waje, iska na shiga ƙirjinta har inda ba ta taɓa kaiwa ba. Kafaɗunta suka sauka. Ta zauna a bakin gado, ta manta da wa take magana, ta ce wallahi nauyin da ke danne mata ƙirji ya ɗaga, da ciwon kan da ke kama ta kullum da la'asar. Ashe shekara tara tana turare da rubutu a kan maƙiya masu baƙin cikin butik. Ta zargi maƙwabta huɗu, ta daina gaisawa da biyu. Maƙiyan kuwa uku ne, a bayanta suke, kuma ita ke ɗaura su da hannunta kowace safiya.

Gwaggo Yelwa ta sa aka zaro takardar, amarya ta karanta da ƙarfi tunda ita ce mai ilimin ɗakin. A sama casa'in da biyar. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, talatin da shida.

A'i, da ke zaune bakin ƙofa, ta dai yi wa Hajiya barka da shigowa layin masu talla, ta ce akwai wuri kusa da kaskonta.

Tunda ba yadda za a yi ta fita haka, Hajiya ta yarda a zagaya ta da igiya kamar buhun gero, bisa sharaɗin kowa ta juya baya. Muka juya, kunnuwanmu ba su juya ba. Mansura ta auna ƙasa, ta auna sama, ta ce arba'in da shida. Aka samu guda ɗaya a jakarta. Hajiya ta fito daga bayan labule tana juya hannu kamar fanka, ta sunkuya ta taɓa yatsun ƙafarta, ta yi musu kallon 'yan uwan da aka daɗe ba a haɗu ba.

Sai kuma lissafi ya dawo mata. Ta tambaya ko akwai wadda ta kai arba'in da shida a ɗakin. A'i ta ɗaga hannu, Hajiya ta yi kamar ba ta gani ba.

"Kun ji da kunnenku," ta ce, murya ta dawo har da ƙari, don yanzu akwai iskar tura ta. "Arba'in da shida. Sama da matar kansila da lamba biyu. Ashe tef ma ya san manya. Abin da nake faɗa muku ke nan shekara goma sha ɗaya, yau ga shi kimiyya ta tabbatar. Gwaggo, sai a sa a kai akwatunan butik, mersi."

Gwaggo Yelwa ta tofar da goro a gwangwani, ta goge baki da gefen zani.

"Girma naki ne, Asama'u, duk mun shaida. Akwati kuma a kai Gagarawa Tasha."

Mata goma sha huɗu suka miƙe suka yi layi a gaban labulen Mansura. Hajiya ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar ɗaki da jakar kayanta, tana numfashi mai daɗi irin wanda ba ta taɓa yi ba, babu ko mutum ɗaya da za ta yi wa jawabi da shi.