Ku Cire Ni Daga Ajin 'Yata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Rumbun Ɗalibai, mai manhajar da ke riƙe sunayen 'yan aji da aikin kodin ɗinsu, wato rubuta wa kwamfuta umarni, a duk ƙasar da Allah Ya ajiye shi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikata da injin da ke amsa wasiƙu a madadinku. Sunana Kabo Lawal, manomin gero da gyaɗa a Babban Duhu ta ƙasar Safana. Bokona ya tsaya a aji huɗu na firamare, inda ni da hedimasta muka rabu lafiya, kowa ya huta. Amma a manhajarka ni ne ɗalibin da ke kan gaba a ajin koyon kodin na wata cibiyar kwamfuta a Batsari. Wannan ɗaukaka ce ta hana ni sakat.

Ga yadda aka yi. Ina da 'ya da muke kira Ummi, domin sunan mahaifiyata marigayiya aka sa mata. A wajenmu mutum ba ya buɗe baki ya kama sunan uwarsa gatsau, ko da yarinya ce ke ɗauke da shi. Ranar rajista zazzaɓi ya kwantar da ita, na hau mashin na tafi a madadinta. Malamin ajin, Malam Sharhabilu, ya ce in faɗi sunan ɗaliba. Na ce Ummi. Ya ce na yanka yake so. Na dubi silin, na dubi takalmina, na yi tari. Da layi ya fara gunaguni a bayana, na ce ya rubuta 'yar Kabo Lawal. Ya buga Kabo Lawal, ya ce sauran a gyara daga baya. Ya nemi imel, na miƙa masa wayata mai wanda aka buɗe min lokacin rajistar taki. Shi ke nan na koma makaranta da furfurata.

To, ga koke-kokena cikin ladabi.

Na ɗaya. An ce manhajarka tana buɗe wa kowane ɗalibi ma'ajiya ya zuba aikinsa, ita kuma ta gwada ta yanke hukunci. Madalla. Ummi ke zuwa aji ta yi aikin, ni ke karɓar hukuncin. Ina tsakiyar noma sai waya ta girgiza, in duba in ga jan maki, wai aikina ya faɗi gwaji. Ranka ya daɗe, na bar makaranta ne takanas don kada a sake gaya min wannan magana. Da wane laifi ta biyo ni gona?

Na biyu. Da makin ya koma kore, abin ya fi muni. An manna sakamako a bangon cibiya, wani direban bas ya gani, labari ya riga ni isa gida. Yanzu a majalisa Injiniya ake ce min. Maƙwabcina Yazid ya kawo min rediyo da injin ban-ruwa in duba. Rediyon na mare shi da tafin hannu ya kama, wanda shi ne babban kuskurena, don yanzu ba mai yarda ban iya ba. Injin kuwa yana nan a zaurena, na kwance shi, ya ƙi komawa. Akwai sashen da ke kula da irin wannan a kamfaninku?

Na uku. Wa ya koya wa manhajarka riƙo? Wata rana na durƙusa ina cirar gyaɗa, waya na aljihu, cinyata ta danna abin da ta danna, ta zuba shirme a tsakiyar aikin yarinya. Ummi ta gyara, amma tarihin ma'ajiyar ya rubuta da rana da lokaci cewa Kabo ya ɓata. Ummi ta ce ba ya goguwa. Surukata ma da ke tuna launin akuyar da ban kai mata ba tun kafin a haifi Ummi, wani lokacin takan yi shiru.

Na huɗu. An haɗa ni aikin rukuni da Ikilima da Naja'atu, yaran da na ci goron sunansu. Kullum sai saƙo ya zo wai in duba gyaransu in amince. Na amince da duka, don ban ga dalilin da dattijo zai karya wa yara gwiwa ba. Aikin ya rushe gaba ɗaya. Yanzu in sun gan ni a kasuwar Batsari sukan durƙusa har ƙasa su gaishe ni, sannan su roƙe ni don Allah in daina taimako.

Na biyar, kuma nan wasa ya ƙare. Ƙarshen watan nan za a buga satifiket daga jerin sunayen da ke manhajarka. Wani asibiti a Katsina ya ce zai ɗauki Ummi ta kula da kwamfutocinsa, in ta kawo shaida da sunanta. Malam Sharhabilu ya yi ƙoƙarin gyara, manhaja ta ce sai dai a cire ɗalibi a sa sabo, kuma aikin duk ya bi wanda aka cire. Ya rubuto muku. Injinku ya amsa da cewa mai asusun ya rubuto da kansa, ya faɗi cikakken sunan wadda za a mayar wa aikin. Da kansa! Shin duk faɗin kamfaninku babu mai uwa? Kun yi gurbin suna, kun yi na imel, kun yi na lambar rajista, amma ba wanda ya tuna ya yi gurbin kunya?

Kada ka ce ban nemi mafita ba. Matata Rahma ba ta kama sunan suruka. Ƙanena Umar Faruk uwarmu ɗaya. Na ce Ummi ta rubuta in sa hannu, ta sunkuyar da kai ta ce wata da watanni tana zama ni a aji, ta gaji, sau ɗaya tak tana so ni in faɗi ko ita wace ce. Yazid ya ce zai rubuta min da zarar na haɗa masa injinsa.

Tun hantsi nake riƙe da biron nan ina zagaye, shi ya sa wasiƙar ta yi tsawo, a yi haƙuri. Yarinyar nan ta bi hanyar Batsari a bayan mashin cikin ruwa da rana, ta dawo ta yi girki, ba ta taɓa ƙorafi ba. Roƙona shi ne ku mayar mata da ma'ajiyarta da koren makinta duka. Jajayen ku bar min.

Tunda kun ce da kaina, ga shi da kaina. Inna, ki yafe min, jikarki ce ke neman aiki.

Sunan ɗalibar Zuwairatu Kabo Lawal.

Naka mai biyayya, mai durƙusawa gaban kujerarka har ranar da za ka kore ni daga aji,

Kabo Lawal
Babban Duhu, Safana