Ranar da Maƙwabta Suka Rera Mini Faswod

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, ranar da na tara mutanen gidanmu don in kunyata wani bawan Allah, kunyar ta juyo ta zauna a kan cinyata.

Gidan haya muke a unguwar Tishigu, ɗakuna da yawa, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Ni ba mai fita ba ce, boko kuma aji uku na yi na sallame shi. Amma Allah ya ba ni kunne. Abin da na ji sau ɗaya ya zauna, musamman in na sa masa murya. Lambar wayar ƙanena da ke Kumasi ma da waƙa na riƙe ta, ina daka ina rerawa.

To, 'yata Rashida ta gama karatun nas, wani asibiti a Ankara, babban birnin ƙasarmu, ya kira ta intabiyu, wai ta bidiyo za a yi. Shekara guda tana zaman jiran irin wannan kira. Sabis ɗin waya kuwa a ɗakinmu sai ka leƙa kai ta taga kafin ya gaishe ka. Ta ce sai an sa waifai. Na ce ba za a shigo da kaya ɗakina ban zaɓa da idona ba, muka hau yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, sai kasuwa.

Mai shagon Masta Kwabena ne, mutumin kudu, mai Hausar kasuwa wadda ba ta raba mace da namiji. Ina shiga na nuna wata rauta mai ƙaho huɗu, na ɗaga ta na ji nauyinta, na ce wannan.

"Mma, kana zaɓan ragon Sallah ne?" in ji shi.

Ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Modem shi ne bututun da ke kawo ruwa daga titi, rauta ita ce mai raba ruwan ɗaki-ɗaki. Tunda babu wayar intanet a layinmu, mu ɗauki wadda ta haɗa duka biyun, a sa mata sim. Ƙaho ba shi ne magana ba, makulli za a duba. Ya ce faswod ɗin da ta zo da shi daga kamfani a manne yake a gindinta, duk wanda ya juya ta ya gani, dole a canza. Ya ce kuma tana da abin da ya kira ɗakin baƙi, layi daban da za a ba maƙwabta ba tare da sun taɓa namu ba.

"Bar wannan ɗakin a rufe," na ce. "Daga bakina dai ba wanda zai ji komai." (Ku riƙe wannan magana, za ta dawo.)

Ya zo gida ya haɗa komai. Ya karanta wa Rashida sabon faswod a hankali, sau ɗaya tak, ta rubuta a takarda. Ni ina gefe ina tsince wake. Ba wanda ya ba ni, kunnena ne ya ɗauka. Sai na yi tunanin uwa: yarinyar nan takardar haihuwarta ma sau biyu tana ɓacewa, bari in ajiye mata abin a kaina. Na sa masa murya mai daɗi: babban Ke, ƙaramin em, tara, huɗu, tauraro, babban Zed, bakwai, bakwai. Wallahi ya hau da tuƙin tuwo kamar don shi aka yi. Kwana biyar ina shara da shi, ina wanki da shi a bakin famfo, ina jin kaina mai riƙon amana.

Ranar Alhamis da ƙarfe goma Rashida ta sa farin mayafi ta zauna gaban laftof. Mutum uku suka bayyana, aka gaisa. Tambaya ta biyu hoton ya daskare, wani mai tabarau ya tsaya baki buɗe. Ya dawo, ya sake daskarewa. Da ƙyar ta samu ta roƙe su ta waya, suka ce sun ba ta ƙarfe biyu, in abin ya sake faruwa za su wuce kan na gaba. Ta fito idonta ya cika.

Na kira Masta Kwabena. Da ya iso ban bar shi ya shiga ɗaki ba, a tsakar gida na tare shi, na ɗaure zane, na ɗaga murya don kowa ya shaida. Mma Azara mai koko ta fito da ludayinta. Anti Efua, malamar makaranta da ke hutu, ta leƙo. Tela na ɗakin ƙofa ya tsayar da kekensa.

"Na ce mai ƙaho huɗu, ka ce a'a. Don ka ga ban yi boko ba ka manna mini gwangwani. In aikin yarinyar nan ya kufce, kai da Allah."

Ya danna wayarsa ya duba, ya ɗago.

"Mma, mutum nawa ne a ɗakinka?"

"Biyu."

"Waya ashirin da uku na shan ruwanka yanzu haka." Ya fara karanta sunaye. Wayar Azara. Talabijin ɗin Efua. Wayar tela guda biyu. Har mai gyaran babur na bayan katanga.

Na juya kansu. "Mma Azara, ke da muke cin gishiri ɗaya? Wa ya ba ku?"

Ta goge hannu da zane. "Haba, Maman Rashida. Mu mun ɗauka sanarwa kike yi. Kullum a bakin famfo, har da maimaitawa. Na ce wa Efua, matar nan akwai kirki, kunya ce ta hana ta faɗa kai tsaye."

"Ni? Yaushe?"

Sai Anti Efua ta gyara murya ta ɗauko: babban Ke, ƙaramin em. Tela ya karɓa: tara, huɗu, tauraro. Gida duka ya amsa: babban Zed, bakwai, bakwai. Da muryata, har da ɗan lanƙwasar da nake yi a wajen tauraron. Mma Azara na buga ludayi a bokiti.

Na nemi ƙasa ta tsage, siminti ne. Masta Kwabena ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Rashida kuwa ta dube ni ta ce, "Mma," sai dariya ta ƙwace mata da hawayen tare.

Ya canza faswod nan take. Wannan karon bai furta ba, ya rubuta ya miƙa mata, ya ce in ɗan matsa baya ko motsin leɓe kada in gani. Ƙarfe biyu na yi, gidan ya yi tsit, tela ya hana kekensa motsi, Mma Azara na gadin ƙofa. Hoto bai daskare ko sau ɗaya ba. Bayan sati biyu suka kira ta, yanzu haka tana Ankara cikin farin kaya.

Na aika wa Masta Kwabena kwanon tuwo da miyar ayoyo, da haƙuri a kai. Ya dawo da kwanon da kansa, ya buɗe mana ɗakin baƙin nan da na ce a rufe, ya rage masa ƙarfi, ya ba shi faswod nasa. Wannan ne aka damƙa mini, ni ce mai rera shi a hukumance.

Na ainihin kuwa har yau ban san shi ba. Wayata ma Rashida ce ta sa mata shi, ina kallon bango. Abin da na koya shi ne, a gidanmu rautar ba ta taɓa rasa makulli ba, ni ce ƙofar da aka manta ba a rufe ba.