Igiya Huɗu da Nauyin Gwaggo Tumba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaisuwar surukai a bayan Ka'oje ba. Ko na so in manta ma ba dama, domin akwai wadda ta ɗauki nauyin tuna mini duk sallah.

Bari in fara da gaskiya, tunda rashinta ne ya jefa ni ruwa. Ni matuƙin jirgin sama ne, wannan kam ba ƙarya. Amma matuƙi suna ya tara. Kamfaninmu ƙarami ne, jiragenmu masu farfela ne, muna jigila tsakanin Abuja da garuruwan arewa. A gaban jirgi kujera biyu ce. Ta hagu ta kyaftin ce, mai igiya huɗu a kafaɗa. Ta dama ta mataimaki ce, mai igiya biyu, kuma ni ne a kanta. Ni ke sammako in duba yanayin sama, in saka rigar nan mai ruwan ɗorawa in zagaya jirgi ina leƙen taya da farfela, in lissafa nauyin fasinja da kaya in raba shi yadda jirgi ba zai rinjaya ba. Sai na gama duk wannan kyaftin zai iso yana ƙamshin turare ya ce, "Komai lafiya?" in ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe." (Ina tuƙi fa, kada a raina ni. In sama ta yi lumui yakan bar mini.)

Tsakanin kujerar dama da ta hagu bai fi kamu uku ba, amma tafiyar shekaru ce. Sai ka tara awannin tashi, ka ci jarrabawa, sannan ka zauna jiran gurbi. Gurbi kuwa ba ya samuwa sai wani kyaftin ya yi ritaya, ko babban kamfani ya ɗauke shi, ko an sayo sabon jirgi, wanda duk shekara ake ce mana yana hanya. Kyaftin ɗin da nake bi lafiyarsa garau, kullum da safe sai ya fita gudu. Ban taɓa yi masa mugun fata ba, Allah ya sani, amma ban taɓa jin daɗin ganinsa da takalmin gudu ba.

A garinmu Bagudo ba wanda ya san wannan dogon bayani. Tun ranar da na samu lasisi Inna ta ji wani ya ce "Kyaftin", ta ɗauka ta raba wa unguwa. Mai shayi Kyaftin, liman Kyaftin, har malamin da ya zane ni a firamare Kyaftin yake ce mini. Ni kuma ban gyara ba. Abin da ya fi muni, wata rana a Legas na ga igiya huɗu a wani shago na saya na ajiye, wai don ranar da Allah zai kawo. Nakan saka ta in tsaya gaban madubi in ce wa kaina, "Komai lafiya?"

To, ana nan na haɗu da Nafisa, malamar asibiti a Birnin Kebbi, kuma na kamu kamun da ba magani. Marainiya ce, ƙanwar mahaifinta ce ta riƙe ta tun tana ƙarama, wato Gwaggo Tumba, 'yar kasuwar da ke safarar atamfa tsakanin ƙauyensu na bakin iyakar Benin da Dole Kaina. Akwai baffanni a gidan, amma kowa ya san in Gwaggo ta ce a'a magana ta ƙare. Manema biyu ta kora kafin ni. Ban taɓa ganinta ba, ko a hoto.

Ana gobe zan tafi Nafisa ta kira ni a waya. Ta ce, "Don Allah ka sa kaftani ka taho awa kowa. Gwaggo ba ta son cika baki. In ta tambaye ka aiki, hwaɗa mata yadda shike."

Na ce to. Da gari ya waye na goge farar yunifom, na ɗauko hular aiki, na buɗe akwati na ciro igiya huɗu na ɗora a kafaɗa. A lissafina, tsohuwar ƙauye ina za ta san bambancin biyu da huɗu, in ban da ta ga ƙyalli ya ƙaru. Aminina Bashar, manomin shinkafa, shi ne ɗan rakiya. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Gaisuwa za mu ko hwareti?" Ban kula shi ba.

Damina ce ta yi nisa, ruwa ya cinye hanya bayan Ka'oje, dole sai an shiga kwalekwale mai inji a tsallake fadama. Da muka isa mashiga na ga jirgin, sai na ja na tsaya. Buhunan shinkafa an jibge su duk gefe guda. Ga babura biyu a baya, ga dilolin atamfa, ga wani rago da aka ɗaure yana kallon kowa da raini. Mutane kuma sun zauna inda suka ga dama. Jirgin ya karkata hagu, bakinsa na neman sumbatar ruwa.

Ka fahimce ni, shekaru na yi ana cusa mini a ka cewa nauyin da ba a raba daidai ba shi ne ajali. In na ga kaya sun rinjaya gefe guda, jikina ne ke tashi tun kafin hankalina ya farka. Sai kawai na ji bakina yana cewa, "Mai jirgi, dakata. Wannan jirgi ba zai tashi a haka ba."

Mai jirgin dattijo ne, da alama tun kafin a haife ni yake kan ruwan nan. Ya kalli hulata, ya kalli kafaɗata, ya ce, "Yallaɓai, daga gwamnati a kake?" Bashar ya yi caraf ya ce, "Kyaftin na, na jirgin sama." Nan take aka buɗe mini hanya. (Har yau ina zargin Bashar da gangan ya yi.)

Na ajiye Hausar gida na ɗauko ta Abuja. Na sa aka raba buhuna, rabi dama rabi hagu. Na sa aka dawo da babur ɗaya gaba. Na shiga jera mutane, siriri nan, mai jiki can. Ana ta bin umarnina, ni kuma kaina na ƙara girma. Har na iso kan wata mata da ke zaune a gefen hagu bisa dilar atamfa, ta yafa mayafi mai tsada, tana cin goro hankali kwance. Masha Allah, Ubangiji ya yi mata baiwar jiki. Ita kaɗai ce matsalar gefen hagu, lissafi ba ya ƙarya.

A wurin aiki in muna shakka mukan tambaya, ba abin kunya ba ne. Don haka na ɗan rusuna cikin ladabi na ce, "Hajiya, don Allah kilo nawa ce ke?"

Jirgi ya yi tsit. Ragon ma ya daina tuƙa.

Ta cire goro daga baki ta ce, "Mi kac ce, ɗan nan?"

Maimakon in nemi gafara, sai na maimaita da ƙarfi, na zaci ƙarar ruwa ce ta hana ta ji. Har da ƙarin bayani, cewa in ba ta sani ba zan iya kintata.

Ta ce, "Kilo. Ni buhun shinkahwa ta?"

Na ce, "A'a Hajiya, don lafiyar kowa ne. Ki daure ki koma tsakiya, kusa da ragon."

Ta daɗe tana kallona. Ba fuskata take kallo ba, kafaɗata take kallo, kamar mai ƙirga canji. Sannan ta miƙe, ta koma tsakiya ta zauna kusa da rago. Jirgi kuwa ya daidaita cif a kan ruwa. Wani ya ce, "Kai, ilimi da daɗi." Da a nan na tsaya, da na tsira da sauran mutuncina.

Amma ina. Sai na ga ai ba a tashi sai an yi wa fasinja jawabi. Na taka gefen jirgin na tsaya, ƙafa ɗaya a kan katako, na ce, "Jama'a, sunana Kyaftin, ni ne zan kula da ku a wannan tafiya. Idan wani abu ya faru, kada kowa ya firgita, hanyoyin fita suna..." Na ɗaga hannu biyu zan nuna, sai na tuna kwalekwale ko'ina hanyar fita ce. Bashar ya ce, "Zamna haka nan, Kyaftin."

Na lissafa buhu, na lissafa babur, na lissafa rago da Hajiya. Mutum ɗaya na manta ban saka a lissafi ba, shi ne wanda ke tsaye a gefen jirgi da takalmi mai santsi. Mai jirgi ya ja igiyar inji, jirgi ya zabura, ni kuma na nuna wa fasinja hanyar fita a aikace.

Ban iya ruwa ba. Ɗan Bagudo ne ni, amma Inna ba ta taɓa barina na je gulbi ba. Hausar Abuja ta gudu ta bar ni, na shiga kururuwa, "Wayyo Inna, ku tarbe ni, na tahi!" Ina dukan ruwa, ina shan na sha, ina kalmar shahada. Sai na ji wani hannu mai ƙarfi ya damƙi kafaɗata ya ɗago ni, wata murya ta ce, "Miƙe tsaye, ɗan nan. Ruwan bai kai ma cibiya ba."

Na miƙe. Iyakarsa cinya. Hulata na can tana tafiya Benin ba fasfo. Wadda ta ɗago ni kuwa Hajiyar nan ce, kuma igiyar kafaɗata ta dama ta cire ta zauna a hannunta. Ta dube ta, ta ƙulle a bakin zane. Haka muka tsallake, ina zaune kusa da rago ina ɗiga, mutane na ta yi mini sannu da muryar da ke rawa saboda dariyar da suke dannewa.

A ƙauyen, Bashar ya aro mini kaftani wurin wani abokinsa, hannun ya tsaya mini a gwiwar hannu. Muka yi sallama gidan su Nafisa, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, baffanni biyu suka fito muka gaisa. Aka ce a jira Gwaggo, yanzu ta dawo daga kasuwa, tana canza kaya. Da na ji "yanzu ta dawo", sai na tuna Hajiyar nan ta kwalekwale.

Ta shigo. Ta zauna. Ta kwance bakin zane ta ajiye igiya huɗu a tsakiyar tabarma.

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na tuna Nafisa da abin da ta roƙe ni, na ji na rasa ta saboda ƙyallen da bai kai tafin hannu ba.

Gwaggo ta ce, "Ni na san ka. Sau biyu ina shiga jirginku Birnin Kebbi za ni Abuja, sa'ad da za ni Umra. Ina zamne bakin taga. Kai na mai rigar ɗorawa, kana zagayen jirgi kana leƙen taya. Da kat tuɓe ta na ga kahwaɗarka, igiya biyu ta. To yaushe biyun sunka haihu?"

Bashar ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa na ga ƙarya ta ƙare, ba sauran inda zan ɓuya. Na ce, "Gwaggo, ba su haihu ba. Sayensu na yi. Ni mataimaki ne."

"Wato karen mota na sama."

"Kusan haka, Gwaggo."

"To yaushe za ka zama direba?"

Na faɗa mata yadda yake: awannin da suka rage mini, jarrabawar da ke gabana, gurbin da babu, sabon jirgin da kullum yana hanya, har da kyaftin mai gudun safe. Na ce yana iya zama baɗi, yana iya zama shekara biyar, yana iya zama sai na bar kamfanin na nemi wani. Abin da nake samu dai zai riƙe gida, ba zai sayi mota bana ba. Tunda na fara aiki ban taɓa faɗa wa wani ɗan garinmu wannan ba, kuma na ji kunya, amma na ji sauƙi.

Ta ci gaba da tauna goro. Can ta ce, "Shekara talatin ina shiga kwalekwalen ga, ban taɓa ganin ya zamna daidai awa yau ba. Aikinka ka iya shi. Kowa ka auna, har ni, kanka ɗai kam manta." Ta juya wurin baffanni ta ce, "Ku hwaɗa ma manyansa su taho. Karen mota ma in ya yi haƙuri shina zama direba." Sannan ta ɗauke igiyar ta mayar bakin zane. "Wagga kau tana wurina. Ran da kamhwani ya ba ka taka, ka zo ka amshi 'yar uwatta."

Yau shekara uku da aurenmu, Nafisa ta haifa mana 'ya mace. An ƙara mini igiya ɗaya, na zama mai uku, kyaftin kuma har yanzu yana gudun safe. Igiyata huɗu tana cikin kabad ɗin Gwaggo, tsakanin kwanonin tangaran, inda duk baƙon da ya shigo zai gani ya tambaya, ita kuma ba ta gajiya da ba da labari. Duk sallah in na je gaisuwa na durƙusa, kafin ta amsa sai ta gyara zama ta ce, "Kyaftin, bana kilo nawa ka ba ni?"

Abin da na koya bai da yawa. In za ka raba wa jama'a nauyi, fara saka kanka a lissafi. Kuma duk macen da ka gani a jirgi tana cin goro hankali kwance, ko jirgin zai kife, bar ta inda ta zauna, kai ka koma kusa da ragon.