Tari Ɗaya a Miƙe, Tari Biyu a Zauna

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da na fara koyarwa a elementare ta Tudun Wada, shekaru kaɗan kafin mulkin kai. Na fito daga kwalejin horon malamai kaina cike da ilimin halayyar ɗan Adam, ina jin in na kalli mutum sau ɗaya na karance shi tas.

Darasin da ya fi burge ni shi ne na sabo. An koya mana cewa wani masani a Turai ya riƙa kaɗa ƙararrawa duk lokacin da zai ba karensa abinci, har ya zamana ƙarar kaɗai tana sa kare dalalar da miyau. Wato akwai abin da ke tunzurawa, akwai martani, maimaici ne ke ɗaure su. Na ce ai ni ma sai na yi gwajina.

Ƙararrawar makaranta ta hedimasta ce, don haka na zaɓi tari. In na yi ɗaya, 'yan aji biyu da nake koyarwa su miƙe. In na yi biyu, su zauna. Wanda ya riga kowa in yaba masa. Kafin wata ya ƙare sun ƙware. Daɗi ya kwashe ni har na ba su labarin karen (wanda ya aike ni, har yau ban sani ba).

Ana nan aka ce mai duba makarantu na En'e zai zo daga Kano, kuma rahotonsa ne zai tabbatar da ni a aiki. Ana gobe zai zo, ruwa ya yi mini duka a kan keke ina dawowa daga gidanmu a Kiru. Na wayi gari da mura.

Baƙon dattijo ne mai natsuwa. Ya zauna a bayan aji tare da hedimasta, na fara lissafi. Ina cikin rubutu a allo maƙogwarona ya yi ƙaiƙayi. Na daure, na haɗiye miyau, ina! Tari ya ƙwace. Sai na ji bencina sun yi ƙara, aji duka a tsaye. Na buɗe baki in yi magana, biyu suka biyo, suka zauna. Daga nan tari ya sarƙe ni. Yara suka rikice da ƙirge, rabi a tsaye, rabi a zaune, wasu sun maƙale a tsakani kamar masu ruku'u.

Dattijon ya yi gyaran murya zai yi magana. Suka miƙe masa shi ma.

“'Yan samari da 'yan mata, me ke faruwa?” ya tambaya a hankali.

Hadiza, 'yar limamin gari, ta ɗaga hannu. “Ranka ya daɗe, Malam ne yake gwada mu, yadda Bature ya gwada kare.”

Kare! A garin da sai an yi ta lallashi kafin uba ya sa ɗansa a boko. Hedimasta ya sunkuyar da kai. Ni kuwa alli ya narke a hannuna don gumi.

Da aka tashi, dattijon ya kira ni gindin ɗorawa. “Malam, gwajinka ya yi,” ya ce, yana danne dariya. “Amma kafin ka yi bincike a kan 'ya'yan mutane, ka tambayi masu su. Je ka wajen Liman kafin labarin ya riga ka.”

Ya riga ni. Na durƙusa a zaure ina kame-kame, Liman ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya sa aka kawo mini citta da zuma.

An tabbatar da ni a aikin, Allah ya rufa asiri. Amma na fahimci abin da kwaleji ba ta faɗa mini ba: duk wanda kake nazari, shi ma yana da baki, kuma ba kai za ka zaɓa masa ranar da zai buɗe shi ba.