Ranar da Aka Miƙo Mini Makullin Fokalif

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na je neman aikin sito a wata masana'antar robobi da ke Sharaɗa.

A lokacin na gama bautar ƙasa, na yi zaman kashe wando har na gaji. Duk inda na tura takardar neman aiki, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Abokina Sagir, mai shagon kwamfuta a Zawaciki, shi ya gano mini matsalar.

"Kai, ai ba mutum ke karanta CV yanzu ba," in ji shi. "Manhaja ce ke tacewa. In ba ta ga kalmomin da ke cikin tallar aikin ba, ta watsar da kai. Duk abin da suka ce suna so, ka ce kana da shi."

Muka buɗe tallar muna kwafa. Lissafin kaya, na iya. Aiki da kwamfuta, na iya. Sai muka zo kan tuƙin fokalif, 'yar motar nan mai yatsun ƙarfe biyu da ake ɗaga kaya da ita. Na ce wa Sagir ko taɓa ta ban taɓa yi ba (iyakacin ilimina a tuƙi shi ne adaidaita sahun yayana, shi ma a filin ƙwallo). Ya ce, "Saka kawai, wa zai tambaye ka?" Na saka, har na ƙara da cewa na ƙware.

Dabarar ta ci, aka kira ni ganawa. Umma ta yi ta sa mini albarka, ta shaida wa maƙwabta cewa Allah ya yanke wa ɗanta wahala.

Manajan sito wani dattijo ne mai sanyin murya, kowa Alhaji yake ce masa. Tambayoyin ofis duk na amsa lafiya, har na fara tunanin kayan da zan riƙa sawa in na kama aiki. Sai ya ɗaga takardata ya yi murmushi.

"Alhamdu lillahi, kai muke nema. Direbanmu ba shi da lafiya. Zo ka matsar mana da kayan can mu gani."

Ya miƙo mini makulli. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na ji bakina ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Na hau motar. Babu addu'ar da ban karanta ba, har da ta cin abinci. A gabana an jera butocin roba a kan katako, tsibi guda ya fi tsayina, leburori kuma suna kai da kawowa. Tsorona ya tashi daga rasa aiki ya koma kada in take ɗan mutane a kai ni kurkuku.

Abin da ban sani ba shi ne, ita wannan mota da tayoyin baya take juyawa. Ina murza sitiyari sai bayanta ya yi wani wawan lilo. Leburori suka watse suna ihu, "Birki! Taka birki!" Na taka da ƙarfina, ashe totur ne. Yatsun suka soki tsibin nan, butoci suka zubo mini kamar ruwan sama, ja da kore da shuɗi, wasu suka gangara har bakin get. Motar ta tsaya ne don na ɗauke ƙafa na runtse ido ina salati.

Allah ya tsare, babu wanda ya ji ciwo. Na sauko jiƙe da gumi, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Alhaji bai ɗaga murya ba, da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Yaro, na'urar da ta karanta takardarka ta yarda da kai. Wannan motar ce ba ta yarda ba. Da ka ce ba ka iya ba, ai da mun koya maka."

Wannan magana ta fi komai yi mini ciwo, don aikin ya riga ya zo hannuna na sake shi.

Sai da na isa gida na lura ashe tun daga Sharaɗa nake rungume da buta guda, shuɗiya, don ruɗewa. Umma ta gani ta washe baki.

"Ikon Allah! Har sun fara ba ka kaya?"

Washegari na mayar musu da ita, maigadi ya yi dariya ya ce Alhaji ya ce in riƙe ta tsaraba. Da ita Umma take alwala har yanzu.

Ban daina gyara CV don manhaja ba, ita ma tana da haƙƙinta. Amma kafin in rubuta "na ƙware" a kan komai, sai na leƙa tsakar gida na kalli butar nan, in tambayi kaina: in aka miƙo mini makulli fa?